Wayar Bakin Mubaraka

Talata, 22 ga Fabrairu, 2000, bayan la'asar

Littafin nan na duba taragu ne, ragowar wanda na taho da shi daga tasha ranar da na aje aiki. Shekara talatin da ɗaya ina makanikin jirgin ƙasa a nan Ƙaura, ban taɓa rubuta komai a ciki ba sai lambar tarago da abin da ya lalace. Yau ga ni, Maitama, ina rubuta zancen haƙori. Likita Bose ce ta ce in riƙa auna giɓin Mubaraka ina rubutawa, don ta san halina, in ba a ba ni aiki ba sai in ƙirƙiro wa kaina.

Giɓin hagu ya kusa rufewa. Na dama milimita huɗu.

Jibi Alhamis ce ranar komawarmu Kaduna. Tun jiya rediyo ke faɗin rikicin da ya ɓarke a can. Da Mubaraka ta shigo da ruwan alwala sai na kashe shi.

Laraba, 23 ga Fabrairu, da hantsi

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko da wani likitan zai karɓa. Allah ya sa kada a kai ga haka.

Mubaraka ita ce autarmu, shekararta goma sha biyar. Haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa, tun tana firamare take dariya da tafin hannu a baki. Bose kuwa ɗiyar tsohon shugaban tasharmu ce, Bayerabiya, a gidajen ma'aikatan jirgi na nan aka haife ta, kuma ba sau ɗaya ba ta yi barci a bayan matata Fatimatu. Da Bose ta buɗe asibitin haƙori a Kaduna ita da kanta ta aiko a kai mata yarinyar.

Ta cire haƙora biyu na sama, ɗaya a kowane gefe, don a sami wuri. Ta manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe mai tsaga, mu maɓalli muke ce masa. Ta zura waya ɗaya ta bi tsagar duka, ta riƙe ta da 'yan zobban roba. Sai wata roba mai ƙira irin ta sarƙa da ke jan fiƙa zuwa baya, fiƙar ta bi kan wayar a hankali har ta cike giɓin. Milimita ɗaya a wata, in ji ta.

Watan jiya na sa farce na taɓa wayar a gabanta, na ji tana wasa a cikin maɓallin. Na ce, "Bose, wanga aiki ai sako-sako na." Ta yi dariya ta ce, "Baba, haka aka son shi. Don Allah kada ka kai mai hannu." Ta soma yi min bayani, ni kuwa idona na kan agogo kada motar Gusau ta cika. Yarinyar da ni na koya mata ɗaura igiyar takalmi! A wurin aikina duk abin da ke wasa, kisa yake yi.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da safe

Ba mu tafi ba. Babu motar da ke zuwa.

Juma'a, 25 ga Fabrairu, bayan an sauko

Na je gidan waya na buga lambar asibitinta sau shida. Tana shiga, tana ta ƙara, babu mai ɗauka. Na gwada ta gida, ita ko ƙarar ma ba ta yi. Yaron da ke wurin ya ce layukan can duk haka suke. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Fatimatu ta tare ni a zaure. Na girgiza mata kai. Ta koma ta ci gaba da tankaɗe, amma garin ƙasa yake zuba ba cikin ƙwarya ba.

Lahadi, 27 ga Fabrairu, bayan azahar

Robar sarƙa ta dama ta tsinke. Gurjiya Mubaraka ta ci. Na yi faɗa har maƙwabta suka ji, alhali na san ba laifin gurjiya ba ne, robar ta wuce kwanakinta. Mako huɗu ake canza ta, yanzu mun shiga na biyar.

Mubaraka ta kawo min guntun a tafin hannu ta ce, "Baba, in ba a ja shi, komawa zai yi?" Na ce ba zai koma ba. Ban san ko zai koma ba.

Litinin, 28 ga Fabrairu, da magariba

Zobba biyu sun faɗi, har da na kan fiƙar. Wayar ta ɗaga daga tsagarta, tana sukar kumatu. Na liƙa mata kakin zuma a wurin.

Na buga wa Bose waya sau huɗu. Babu.

Talata, 29 ga Fabrairu, da hantsi

Hyginus mai gyaran rediyo yana ɗaure kaya. Shekara goma sha tara shagonsa na jikin katangata. Tun watan jiya da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan'uwansa ke aiko masa ya taho, yana cewa shi babu wanda ya taɓa shi a Ƙaura, kuma gaskiya ne. Amma na makon jiya ya girgiza matarsa. Ya ce, "Baba Maitama, zan kai iyali gida su huta. Zan dawo." Na ce Allah ya sa. Ya ba ni makullin shago, ya ce in ɗauki duk abin da nake so a kan tebur.

Ban so komai ba. Sai da na juya zan fita idona ya faɗa kan wani ɗan ƙullin waya, siririya, fara a waje, jan ƙarfe a ciki, irin wadda ake sa wa fiyus na lantarki. Na lanƙwasa ta a yatsa, tana da laushi, tana riƙe murɗi. Na sa a aljihu.

Laraba, 1 ga Maris, bayan la'asar

Fatimatu ta tafi barka. Na tafasa ruwa a tukunyar shayi, na jefa wayar nan da filayata a ciki, na bari ya daɗe yana tafasa. Na zaunar da Mubaraka a tsakar gida inda haske yake, kanta a kan gwiwata. Na ɗan duba mata.

Ba ta yi kuka ba. Yanzu babu abin da ke wasa. Na sa farce na gwada, ko gezau.

Alhamis, 2 ga Maris, da safe

Huɗu. Bai koma ba, alhamdu lillahi.

Asabar, 4 ga Maris, bayan azahar

Adda ta zo daga Gurbin Ɓore, yayata, wadda ta goye ni. Ba ta ko sha ruwa ba ta kira Mubaraka ta ce buɗe. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta juyo kaina.

"Maitama, mi ag ga wanga? Ka sa ma ɗiya linzami awa goɗiya? Yanzu da anka koma ma Allah, kai kuma kana canza mashi halitta?"

Na ce mata na tambayi liman tun kafin a fara, ya ce magani ne, ba ado ba, babu laifi. Ta ce to ina mai maganin? Ta ce akwai wanzami a Zurmi da zai ɓanɓare shi tas kafin a shanye fura. Na ce duk wanda ya kai ƙarfe bakin ɗiyata ba da izinin likita ba, ni da shi sai gaban alƙali.

Da bakina na faɗi haka, Mubaraka na zaune. Ta dube ni sau ɗaya, ta mai da kai ƙasa.

Litinin, 6 ga Maris, da hantsi

Huɗu.

Na san an ce milimita ɗaya a wata. Amma ma'aunina na ƙarfe ne, na aikin jirgi, yana nuna ko kaurin gashi. Da can duk mako ina ganin ɗan motsi. Tun Laraba ko kaurin gashin babu. Na zauna na yi tunani irin na aikina. Abin da aka ɗaure da kyau in ya ƙi tafiya, ja ne ya yi masa kaɗan. Robar da ke jan sa ta tsinke, wadda na sa a madadinta ba ta miƙewa, dole sai an riƙa ƙara mata.

Talata, 7 ga Maris, bayan la'asar

Rabin juyi. Ina ƙara murɗa wayar da na ɗaura, ta riƙe min wuyan hannu.

Alhamis, 9 ga Maris, da magariba

Na je kasuwar Shinkafi neman ragon layya. Zafi ya fara, ga tsada, ga ciko. A tashar mota duk motocin mata daban, na maza daban, kowa sai zancen Shari'a yake, masu murna sun fi yawa, ni ma da nawa hankalin a kwance yake da na yi murnar da su.

A bayan rumfunan albasa na ga mai cire haƙori ya baje kayansa a kan buhu. Na tsaya na ce ɗiyar wani abokina ce aka sa wa waya, likitan ya yi tafiya. Ya ce, "Kawo ta, Alhaji, mu hidda wanda ka ciwo, a huta." Na dubi awartakinsa, duk tsatsa. Na yi tir da shi a raina, na ce dubi jahili. Ina tafiya ina jin nauyin filayata a aljihun gaba, ban san ma na taho da ita ba.

Alheri ɗaya, na haɗu da Maiwada, tsohon direban jirginmu, yanzu babbar mota yake ja da albasa. Ya ce an buɗe hanya, gobe zai Kaduna. Na kwatanta masa layin asibitin. Na ce ya duba min kawai. Ya ce, "In duba mi?" Na ce ya dai duba.

Na sayi rago, ƙarami.

Juma'a, 10 ga Maris, da safe

Huɗu. Rabin juyi.

Asabar, 11 ga Maris, bayan isha'i

Mubaraka ta bar tuwo. Kunu kawai take sha, shi ma ta gefen hagu, tana karkata kai. Ta ce bakinta ɗanɗanon kwabo yake yi. Fatimatu ta ce min, "Malam, ɗiyag ga ba ta barci. Da can in Bose ta ɗaure, kwana biyu taka yi ta warware. Wanga ya kai kwana goma." Na ce alamar yana aiki ne. Ta ce, "Wa ya ɗaure shi da zai yi aiki?" Na ce ta kawo min goro.

Ta san komai ko ba ta sani ba? Shekara talatin da shida muna tare, har yau ban iya karanta matar nan in ta yi shiru.

Litinin, 13 ga Maris, da hantsi

Huɗu, huɗu, huɗu. Kai, wannan wane irin haƙori ne mai taurin kai!

Amma na lura kansa ya ɗan kwanta baya, gindin kuwa yana nan inda yake. Dasashin wurin ya kumbura, kuma inda wayata ta taɓa shi ya yi kore-kore. Na goge da auduga da ruwan gishiri. Ban juya ba yau.

Ba ta je makaranta ba. Ta ce malama ta tashe ta karatu ran Juma'a ta kasa buɗe baki.

Talata, 14 ga Maris, bayan azahar

Maiwada ya dawo. Ya zauna a zaure ya faɗa min yadda layin ya koma. Ba zan rubuta ba.

Ginin asibitin yana tsaye, ƙofar a kulle. Mai shayin bakin layi ya ce masa ya ga likitar ta shiga mota da yara biyu ranar Talatar da ake tsakiyar rikicin, ba ya da tabbas ko ita ce ko ƙanwarta. Maiwada ya bar masa sunana da adireshina a takarda.

Na shiga na faɗa wa Fatimatu an gan ta da rai. Ban faɗi sauran ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi kuka mai yawa, tana cewa, "Bosena, Bosena." Ni na fita na ba rago dussa.

Alhamis, 16 ga Maris, ranar Sallah, bayan la'asar

An yi layya. Na gasa hanta da hannuna na yayyanka ƙanana na kai wa Mubaraka ɗaki. Ta sa ɗaya a baki don in ji daɗi, na ga hawaye ya taru mata. Na ce ta tofar.

Da rana ƙawayenta suka zo su tafi yawon Sallah. Ta yi kwalliya, ta ja hijabi har kan hanci. Fatimatu ta ce, "Sauke shi mana, mi kika ɓoyo?" ta ja shi da wasa. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta kama haɓar yarinyar ta juya ta wajen rana.

"Malam, zo ka gani. Haƙorin ga ya canza."

Na ce inuwar waya ce. Ba inuwa ba ce. Sauran farare ne, haƙorin fiƙa na dama ya yi toka-toka.

Juma'a, 17 ga Maris, da safe

Ban auna ba.

Asabar, 18 ga Maris, da hantsi

Ina zaune a ƙofar ɗaki Fatimatu ta zo za ta yaye labule ta share. Labulen a kan waya yake da zobban ƙarfe. Ta ja, ya ƙi. Ta ƙara ja, ya ƙi, wayar ta lanƙwaso har ƙusa ta soma fita daga bango. Ta yi tsaki.

"Wa ya matse zoben ga? Kai na, ko? Kai dai ba ka barin abu ya sha iska. Famfo ka matse sai an kira ka, murfin kwalba ka matse sai an kira ka. In zobe ya cije waya ta ina za ya bi? Ko doki ka ɗaura mai sai dai ya tsige ƙusa."

Ni ne. Bara na matse shi da filaya don yana ƙara in iska ta kaɗa.

Na zauna ina kallon zoben nan. Wasan da na ji a bakin yarinyar ba sakaci ba ne, hanya ce aka bar wa haƙori ya zame. Ni na zo na toshe hanyar, sannan na tsaya ina jan sa da ƙarfi. Shekara talatin da ɗaya ina sa wa ƙarfe maiko don kada ya ci ɗan'uwansa, ina sassauta birkin da ya kama ƙafa. Wannan fa shi ne aikina! Ta yaya ban gani ba? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Fatimatu ta ce, "Lahiya?" Na ce lafiya.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Na gwada warwarewa. Da na ɗaure na datse bakin wayar gajere, na lanƙwasa shi ciki don kada ya soke ta. Aiki mai kyau, irin nawa. Yanzu filaya ba ta samun abin kamawa. Na samu na kamo ɗaya, na juya baya, ya karye a gindin murɗin. In na tura ƙarfe ƙarƙashi maɓallin zai ɓalle, wataƙila da ɓangaren haƙori.

Abin da ya fi tayar min da hankali, ina ta wannan fama ba ta ko motsa ba. Na ce, "Da zafi?" Ta ce, "A'a Baba, tun jiya ya daina." Tana murna ta faɗa.

Litinin, 20 ga Maris, da safe

Ta ci tuwo jiya, har da ƙari. Ta koma makaranta yau. Fatimatu ta ce alhamdu lillahi sauƙi ya samu. Ni na kasa karyawa.

Laraba, 22 ga Maris, da magariba

Ya ƙara duhu. Ko idona ne.

Juma'a, 24 ga Maris, bayan an sauko

Wasiƙa! Rubutun Bose ne, daga Ilorin, gidan uwarta. Layi shida kawai. Suna lafiya ita da yara. Ba ta san ranar komawa ba. Ga lambar wayar maƙwabcinsu, in kira Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya. Layi na ƙarshe ta ja masa layi biyu a ƙasa: "In roba ta tsinke a bar ta haka, ba abin da zai lalace ko wata uku aka yi. Kada kowa ya taɓa."

An rubuta ta ranar biyu ga wata.

Fatimatu ta yi guɗa, ta raba wa yaran unguwa ƙuli-ƙuli. Na karanta musu layi biyar.

Lahadi, 26 ga Maris, bayan azahar

Na haɗa maganar da zan faɗa mata sau goma. Duk wadda na haɗa sai in ji akwai ƙarya a ciki.

Litinin, 27 ga Maris, bayan la'asar

Na je Gusau na kira, don layin can ya fi kyau. Da na ji muryarta na kasa gaisuwa. Ita ma ta daɗe tana cewa "Baba, Baba" kawai. Ban tambaye ta abin da ta gani ba, ba ta faɗa ba.

Sai ta ce ya Mubaraka. Na ce roba ta tsinke, wani ya ɗaure da waya.

"Wace irin waya?"

"Ta fiyus."

"Wa ya ɗaure?"

Na ce wani ne. Sannan ta ce, "Baba." Ba ta ƙara komai a kai ba.

Ta tambayi juyi nawa, na faɗa. Ta tambayi launi, na faɗa. Ta tambayi ciwo, na ce ya daina. Nan na ji ta ja numfashi.

Ta yi min bayanin da na ƙi saurara a watan Janairu, wannan karon na ji kowace kalma. Ta ce maɓalli da waya kullum gogar juna suke, ko da robarta mai laushi ma wani kaso na jan a gogayyar nan yake ƙarewa, shi ya sa take zaɓar waya mai santsi, take ɗaurewa sako-sako. In aka matse, wayar sai ta cije a tsagar, balle da jan ƙarfe da ke tsatsa a miyau. Haƙori ba zai zame ba. Jan da aka ƙara kuma bai ɓata ba, a gindin haƙorin ya sauka, inda 'yar jijiyar jini ke shiga.

Na ce, "Ya mutu?"

Ta ce ba ta iya sani daga Ilorin. Wani yakan yi duhu ya farfaɗo. Ta ce in sayi sabon abin yanke farce in tafasa, in datse duk abin da ba ita ta sa ba, yau ɗin nan. Gobe in sami ƙanƙara in naɗe 'yar ƙarama a auduga, in taɓa haƙorin kusa da shi, sannan in taɓa shi. In ta ji sanyi ya soke ta, da ransa. In ba ta ji ba, za a huda a cire jijiyar, zai zauna a baki amma baƙi, kuma aikin gyara zai tsaya. Ko ta ji ko ba ta ji ba, in kai ta Zariya wurin wani abokin karatunta, ta ba ni suna.

Da za ta aje ta ce, "Baba, ka gaida min Inna Fatimatu." Ban cancanci muryar da ta yi min ba.

Litinin ɗin dai, bayan isha'i

Na datse su duka kafin magariba, guda biyar. Fatimatu ce ta riƙe kan yarinyar. Na zuba guntayen a faranti, sun yi kore. Ta dubi farantin, ta dubi ƙullin wayar Hyginus da ke kan taga tun watan jiya. Ta ɗauki ƙullin ta jefa a masai. Har yanzu ba ta yi min magana ba, kuma ta kawo min abinci a kan lokaci.

Yau na yi addu'ar da ban taɓa zaton uba zai yi ba. Na roƙi Allah ya sa gobe ɗiyata ta ji zafi.

Talata, 28 ga Maris, bayan azahar

Na samo ƙanƙara wurin mai sayar da ruwan sanyi a bakin tasha, na taho da ita da sauri cikin tsumma. Mubaraka ta tambaye ni ta mene ce, ni kuma na faɗa mata duka, in an ji me ake nufi, in ba a ji ba me ake nufi. Bai kamata in faɗa ba.

Ta kwanta a tabarma, kanta a cinyar uwarta. Na ce ta rufe ido. Na taɓa haƙorin gaba. Ta zabura har ta buge min hannu, ta ce, "Wash!" Na taɓa na kusa da fiƙar, haka. Na ce, "To, saura shi."

Na kai hannu. Na tsaya in daidaita shi, tsakanin audugar da haƙorin akwai kaurin yatsa.

"Wayyo! Na ji, Baba, na ji shi sosai!"

Fatimatu ta ɗago ta dube ni. Ita ma ta ga inda hannuna yake. Yarinyar idonta a rufe, ta yamutsa fuska iyakar ƙoƙarinta, don ni.

Na ce, "Madalla, Auta. Kada ki buɗe ido, bari in sake sau ɗaya."

Na ɗora ƙanƙarar a kan haƙorin, na danna. Na ƙirga goma. Na ƙirga ashirin. Ruwan na bin hannuna yana gangarawa har gwiwa, uwarta ta toshe bakinta da gefen zane.

Mubaraka ta ce, "Baba, in za ka sa ka gaya min."

Gobe da asuba za mu Zariya. Ni na ɗaure wayar nan, ni Maitama, da filayata, kuma ni zan faɗa wa likitan kafin ya tambaya.